MU KUTARE: Labarin Fada Damiyan Da Abin Da Kirista Ke Nufi Da Ƙauna

Kowace shekara, in ran 25 ga watan Disamba ta zo, akan rufe ofisoshi, akawu ya kulle takardunsa, malami ya sallami yara, a ce ana hutun Kirsimati. Da yawa daga cikinmu mun ci wannan hutu shekara da shekaru, mun ga abokan aikinmu Kirista sun sha ado sun nufi majami'a, har sun aiko mana da shinkafa da nama, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambaye su ainihin abin da su ke wa murna ba. In ka tambaya, za a ce maka ranar tunawa da haihuwar Yesu Almasihu ce, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryamu. To, bayan wannan gajeriyar amsa akwai wata magana mai nauyi, wadda a kanta addinin Kirista duka ya tsaya.

Kirista sun gaskata cewa a cikin wannan haihuwa Kalmar Allah ce ta ɗauki jiki irin namu, ta shigo duniya ta zauna da mutane. A nan Musulmi da Kirista suka rabu, kowa ya san haka, ba kuwa jayayya ta kawo mu ba. Nufinmu shi ne mai karatu ya gane abin da maƙwabcinsa ke nufi in ya yi zancen ƙauna, da kuma dalilin da ya sa ba ya iya raba ta da sadaukar da kai.

Abin Da Su Ke Koyarwa

A cikin shekarar 451 shugabannin Ikilisiya suka yi wani babban taro a garin Kalsidon, kusa da birnin da a ke kira Istambul yanzu, suka tsai da magana cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum kuma. Abin da su ke tsaro shi ne kada wani ya ce kamannin mutum kawai ya aro, kamar yadda a ke aron riga ran salla a mayar da maraice. Suka ce a'a, mutum ne sosai. An haife shi a Baitalami inda a ke ɗaure dabbobi, ya girma a gidan masassaƙi a Nazarat, ya ji yunwa, ya ji ƙishirwa, ya gaji da tafiya, ya yi kuka da mutuwar abokinsa, daga bisani aka kashe shi a kan gicciye.

Ma'anar wannan a wurinsu ita ce, da Allah ya so ya ceci mutane bai tsaya ga aike ba, ya zo da kansa, ya ɗanɗani abin da su ke ɗanɗana. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa ta ke. Sarki na iya aika wa talakansa hatsi in yunwa ta faɗo, a kuwa gode masa. Amma sarkin da ya sauko daga soro ya kwana a bukkar talaka, ya ci abin da ya ke ci, wannan ya yi wani abu dabam. Cikin Linjila akwai labarin wani kuturu da ya roƙi Almasihu waraka. A dokar Attaura kuturu mai ƙazanta ne, mazauninsa bayan gari, ba mai taɓa shi. Masu tafsirin Kirista sukan ja hankali kan cewa Almasihu na da ikon warkar da shi daga nesa da magana kawai, amma sai da ya sa hannu a jikinsa tukuna.

Faɗar wannan a majami'a ba wuya. Don a ga yadda abin ya ke in an fitar da shi daga baki an sa shi cikin aiki, bari mu kawo labarin wani mutum guda wanda ya ɗauki maganar da gaske.

Tsibirin Da Ba A Komowa

Can tsakiyar Tekun Fasifik akwai waɗansu tsibirai da a ke kira Hawai. Yanzu jiha ce ta Amurka, amma a zamanin da mu ke magana ƙasa ce mai sarkinta. Tun da Turawa suka fara zuwa can a 1778, cututtukan da mutanen ba su saba da su ba suka yi ta kashe su. Daga baya kuturta ta shiga, ta yi ta yaɗuwa, hankalin hukuma ya tashi. A 1865 Sarki Kamehameha na 5 ya sa hannu a wata doka, cewa duk wanda aka tabbata yana da ciwon a ware shi daga jama'a.

Wurin da aka zaɓa yana arewacin tsibirin Molokai, wani ɗan tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku. Ruwa ya kewaye shi ta fuska uku, ta fuska ta huɗu kuwa dutse ne a tsaye kamar garu, tsawonsa ya kusa ƙafa 2,000. Kurkuku ne wanda ba a bukatar dogari. Ran 6 ga watan Janairu 1866 aka sauke mutum 12 na fari a gefen da a ke kira Kalawao. Daga nan jirage suka yi ta kawowa, ana raba miji da mata, uwa da ɗa. Kafin a soke dokar a 1969, mutanen da aka kai can sun kai wajen 8,000.

Hukuma ta yi zaton za su yi noma su ci da kansu. Amma ina mai dungu ya ga riƙon fartanya? Abinci ya yi ƙaranci, magani babu, ruwan sha sai an tafi nesa. Masu sauran ƙarfi suka riƙa ƙwace rabon marasa ƙarfi, waɗansu suka faɗa shan giya don baƙin ciki. In mutum ya mutu akan binne shi sama-sama, har aladu da karnuka su tone.

Adalci ne a faɗa cewa ko a sa'an nan wurin bai rasa mutanen kirki ba. Akwai lafiyayyu 'yan ƙasa waɗanda suka bi mazansu ko matansu don su yi jinyarsu, ana kiransu kokua, watau mataimaka. Marasa lafiyan kansu sun kafa majami'arsu tun shekarar fari. Wani mutum mai daraja, Jonathan Napela, ya bi matarsa can a 1873, ciwon ya kama shi, ya rasu a 1879. Sunayen galibin waɗannan ba su yi nisa ba, amma irin aikin da za mu ba da labari su ma sun yi shi.

Ɗan Manomi Daga Beljiyam

An haifi Jozef De Veuster, watau Yusufu, ran 3 ga watan Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo cikin ƙasar Beljiyam. Ɗan manomi ne, ƙaƙƙarfa, ya iya sassaƙa da gini. Ya bi sawun wansa ya shiga wata ƙungiyar limaman Katolika, aka ba shi suna Damiyan. Wan nasa aka zaɓa ya tafi Hawai, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi gab da tashi. Damiyan ya roƙa a ba shi gurbin wansa, aka yarda. Bayan watanni a teku ya sauka Honolulu ran 19 ga watan Maris 1864, aka naɗa shi Fada cikin watan Mayu na shekarar nan. Bai sake ganin ƙasarsu ba.

Ya yi shekara tara yana aiki a babban tsibirin, ya koyi harshen mutanen, ya kuma ga yadda a ke kama waɗansu daga cikin jama'arsa ana kai su Molokai. A 1873 shugabansu, Bishof Maigret, ya gaya wa limamansa damuwarsa game da mutanen can, ya ce ba zai iya tilasta wa kowa ya tafi ba, gama aikawa ga mutuwa ce. Mutum huɗu suka ce sun yarda, aka shirya su riƙa karɓa-karɓa. Damiyan ne ya fara zuwa, ya sauka ran 10 ga watan Mayu 1873, yana da shekara 33. Marasa lafiyan da ya tarar sun haura 600. Bai daɗe ba ya aika wa shugabanninsa cewa yana so a bar shi nan ɗungum.

Kwanakin fari ba shi da ɗaki, gindin wata bishiya kusa da majami'a ya ke kwana. Ya ga wa'azi kaɗai ba zai ishe su ba, sai ya tuɓe ya kama aiki. Ya wanke miyaku ya ɗaure, ya gina gidajen katako a maimakon bukkokin da iska ke kwashewa, ya taimaka aka jawo ruwa da bututu daga kwari, ya kafa gidan marayu na maza da na mata. Da hannunsa ya sassaƙa akwatunan gawa masu yawa, ya haƙa kaburbura, ya kewaye maƙabarta don dabbobi. Ya tara masu busa da masu waƙa, don a riƙa raka mamaci da daraja. Ya dami Hukumar Lafiya ta Honolulu da takardu, yau tufafi, gobe katako, jibi magani.

Shi kansa ya rubuta cewa da fari warin miyakun yakan tilasta masa fita waje ya sha iska, har ya koyi shan taba a lofe don ya danne warin. Duk da haka bai ja jiki ba. Abincin mutanen wurin wani irin tuwo ne na gwaza da su ke kira poi, a ƙwarya guda a ke ci da hannu. An gargaɗe shi kada ya taɓa su, kada ya ci tare da su. Ya lura a al'adarsu wanda ya ƙi cin abincinka ya ƙi ka ke nan, sai ya zauna ya sa hannu. Lofensa ma yakan zaga daga baki zuwa baki.

Galibi akan ba da labari cewa sai ran da ya gane ya kamu sa'an nan ya tashi a majami'a ya ce "mu kutare". Gaskiyar ta fi haka ban mamaki. Tun cikin 1873, yana da ƙoshin lafiya, ya rubuta wa wansa cewa haka ya ke kiran kansa da su in yana wa'azi. Watau ya riga ya zaɓi ɓangarensa shekara goma sha ɗaya kafin jikinsa ya shaida.

Kuɗin Da Ya Biya

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne kaɗaici. A ɗarikar Katolika wajibi ne mutum ya riƙa furta zunubansa a asirce gaban wani Fada, ko da shi ma Fada ne. A shekararsa ta fari hukuma ta tsananta dokar keɓewa. Wata rana wani shugabansa ya zo cikin jirgin ruwa, aka hana shi sauka, aka kuma hana Damiyan hawa. Sai ya shiga kwalekwale ya matso gindin jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, mutane na tsaye a bisa suna kallo. Wanda ya san nauyin asiri ya san abin da wannan ya ci masa.

Wajen ƙarshen 1884, wata rana ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fata ta sale, amma bai ji kome ba. Ya ga wannan alama a jikin mutane da yawa, saboda haka bai bukaci a fassara masa ba. Likita ya duba ya tabbatar. Daga nan sai ya ƙara himma, kamar manomin da ya ga hadari ya taso alhali da sauran kunya a gona. Ya ci gaba da gini, yana faɗaɗa majami'ar da a ke kira Filomina.

Allah ya kawo masa mataimaka a ƙarshe. A 1886 wani tsohon sojan Amurka, Joseph Dutton, ya zo ya zauna. A watan Nuwamba 1888 wata shugabar Sistoci, Uwa Marianne Cope, ta iso da 'yan'uwanta biyu suka karɓi renon 'yan mata. Damiyan ya rasu ran 15 ga watan Afrilu 1889, cikin makon da Kirista ke tunawa da mutuwar Almasihu, yana da shekara 49. Aka binne shi gindin bishiyar nan da ya fara kwana.

Masu Suka Da Masu Yabo

Kada mai karatu ya zaci mala'ika mu ke ba da labari. Mutum ne mai taurin kai, mai saurin fushi, ba ya jiran izini, ya sha saɓawa da shugabanninsa da ma'aikatan hukuma. Bayan mutuwarsa wani limamin Kirista na wata ɗarika a Honolulu, Charles Hyde, ya rubuta wa abokinsa takarda, ta fita a jarida. Ya kira shi ƙazami, mara ladabi, mai tsaurin ra'ayi, har ya yi masa zargin cewa ta hanyar lalata ya ɗauki ciwon. Waɗanda suka zauna da shi sun ƙaryata zargin. Shahararren marubucin nan na Ingilishi, Robert Louis Stevenson, wanda ya ziyarci wurin jim kaɗan bayan rasuwar, ya mai da martani a 1890. Bai musa cewa Damiyan na da aibu ba. Abin da ya kafa hujja da shi shi ne, mutum ɗaya ya shiga ya rufe ƙofa a bayansa, ɗayan kuwa yana zaune cikin gidansa mai kyau yana lissafin laifofin wanda ya shiga.

Akwai wata tambaya kuma wadda ta fi ta Hyde nauyi. Shin lalle ne sai ya kamu? Uwa Marianne ta kafa dokar tsabta mai ƙarfi, wanke hannu da wanke tufafi. Ta zauna can shekara talatin har ta rasu a 1918, ciwon bai taɓa ta ba, bai kuwa taɓa Sistocinta ba. Ashe ana iya jinya da zuciya ɗaya ba tare da sakaci ba, kuma mai yiwuwa ne da Damiyan ya kula da kansa da ya ƙara shekaru yana amfanin mutanensa.

Wannan gaskiya ce, ta kuma taimaka wajen gane abin da Kirista ke nufi. A koyarwarsu neman wahala don wahala ba ibada ba ce, Almasihu ma ya roƙa a ɗauke masa azabar in da hali. Abin da Damiyan da Marianne suka yi tarayya a ciki shi ne, dukansu sun sauka daga jirgi, sun bar shi ya tafi. Sun mai da makomarsu ɗaya da ta mutanen da aka yasar, suka yarda da kowane kuɗi abin zai ci. Ɗaya ya biya da jikinsa cikin shekara goma sha shida, ɗaya ta biya da kwanakinta kaɗan-kaɗan cikin shekara talatin. Wannan shi ne hoton da Kirista ke gani cikin haihuwar Baitalami: wanda ba dole a kansa ya shigo inda mu ke, bai kuwa ajiye wa kansa hanyar kuɓuta ba. Ga ganinsu komin dabbobin da aka kwantar da jariri da gicciyen da aka rataye shi magana ɗaya ce, farkonta da ƙarshenta.

Bayan Haka

A 1936 aka ɗauke gawarsa zuwa Beljiyam, aka binne a birnin Leuven, abin da ya ɓata wa mutanen Molokai rai ƙwarai. A 1995 aka mayar musu da ƙasusuwan hannunsa na dama, aka sa cikin kabarinsa na fari. Ran 11 ga watan Oktoba 2009 Fafaroma Benedict na 16 ya sa sunansa cikin waliyyan Ikilisiyar Katolika, aka bi da na Marianne a 2012.

Ciwon kansa kuwa an ci ƙarfinsa. A shekarar nan ta 1873 da Damiyan ya sauka Molokai, wani likita a ƙasar Norwe, Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar a madubin likita. Ta haka aka gane ba gado ba ce, ba kuwa la'ana ba. An kuma gano ba ta da saurin kamu, wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu na kare kansa daga gare ta. A 1941 aka fara samun magani mai aiki a asibitin Carville ta Amurka. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuwa kyauta a ke ba da su. Cikin wata shida zuwa goma sha biyu mutum ya warke, da ya fara sha kuma ya daina yaɗa ciwon. In an zo da wuri, ko yatsa ɗaya ba za a rasa ba.

Mu nan Arewa labarin ba baƙo ba ne gare mu. 'Yan Mishan sun buɗe mazaunin kutare a Garkida a 1929, cikin shekarun 1930 kuma suka karɓi aikin Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, tare da haɗin kan En'e. Har yanzu akan sami sababbin masu ciwon a Nijeriya kowace shekara, da yawa kuwa kunya da tsoron ƙyama ke sa su ɓoye har ya yi musu illa. Magani ya samu, saura zuciyar mutane.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Magana ce ta haƙƙi, wanda ya karɓi lada ya cika aiki. Damiyan bai ci ladan kowa ba, ya yi askin, ya yi wankan gawa, ya haƙa kabari. Ba kowa za a nema wa irin wannan ba, amma kowane ɗayanmu yana da nasa ɗan jirgin da ya ke tsaye a bisa. Na akawu teburinsa ne, inda tsoho ya zo daga ƙauye mai nisa da takarda a hannu, a ce masa ya komo gobe. Na malami allonsa ne, inda yaron da ya kwana da yunwa ke gyangyaɗi, a kira shi dakiki. Muddin mutum na cewa "su talakawa", "su mutanen ƙauye", "su marasa lafiya", yana bisa jirgi tukuna, ko da kyauta ya ke jefawa ƙasa.

Saboda haka in Kirsimati ta kewayo, maƙwabcinka ya aiko maka da akushi, ka san abin da ya ke tunawa: yana cewa ne an taɓa saukowa dominsa, shi ma an ɗora masa nauyin ya sauka domin wani. Ko ka yarda da tushen maganarsa ko ba ka yarda ba, ka sami ma'aunin da za ka auna shi da shi, shi ma ya auna kansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.